Tarihin Awon Ƙanƙarar Teku: Daga Ƙarfen Huda Zuwa Rada Bisa Jirgi Marar Matuƙi

Bahaushe kalma ɗaya tak gare shi, watau ƙanƙara, wadda yake kiran duk wani ruwa da ya daskare da ita, tun daga wadda kan zubo tare da hadari ta kakkarya ganyen shuka, har ya zuwa wadda ake sarawa ana sayarwa a bakin titi da azumi. Wannan kuwa ya wadatar a ƙasar da ba kasafai ruwa kan daskare don kansa ba. Amma wanda zai bi tarihin da za a kawo a nan, tilas ne ya kasa kalmar gida uku, in ba haka ba zancen zai rikice masa tun ba a je ko'ina ba.

Akwai dusar ƙanƙara, wadda ke sauka daga sama fara fat, marar nauyi. Wanda ya fara yi mata laƙabi da dusa lalle ya iya kallo, don haka da sunan dusa za a riƙa kiranta a nan. Akwai kuma ƙanƙarar tudu, watau dusar da ta shekara dubbai tana taruwa tana danne kanta bisa ƙasa har ta zama kamar dutse, irin wadda ta lulluɓe tsibirin Girinlan da nahiyar Antaktika. Ruwanta ruwan daɗi ne, ba gishiri, kuma daga jikinta ne tsaunukan ƙanƙara kan ɓalle su faɗa teku, irin wanda ya nutsar da jirgin Titanic a 1912. Ta uku ita ce ƙanƙarar teku. Ita wannan ruwan tekun ne da kansa ke daskarewa in sanyi ya kai kimanin digiri 1.8 ƙasa da sifiri, sai ya yi ɓawo a sama yana yawo da iska da igiyar ruwa. Kaurinta bai cika wuce mita biyu ba a shekararta ta farko, wadda ta tsallake bazara da yawa kuwa takan kai mita uku ko huɗu. A kanta zancen yake, kuma abin da ya bambanta ta da 'yar'uwarta ta tudu shi ne gishiri.

Dalilin da ya sa gwamnatoci ke zuba dukiya wajen auna wannan ɓawo ba ɓoyayye ba ne. Ƙanƙarar da dusa ta rufe tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na hasken rana sama, buɗaɗɗen teku kuwa, da yake baƙi ne, yana shanye fiye da kashi 90. In ɓawon ya ragu teku ya ƙara ɗumi, in teku ya ƙara ɗumi ɓawon ya ƙara raguwa. Faɗin ƙanƙarar abu ne mai sauƙin gani daga sama. Kaurinta shi ne mai wuyar sani, shi ne kuma ainihin jarin, domin kamar yadda kanti kan cika da kaya a ido alhali uwar kuɗi ta daɗe da karyewa, haka teku kan rufe ruf da ƙanƙarar da ba za ta iya tsallake bazara ɗaya ba.

Zamanin ƙarfen huda

Cikin shekarar 1881 ƙanƙara ta matse wani jirgin ruwa na Amurka mai suna Jeannette har ya nutse a arewacin Siberiya. Bayan shekara uku sai aka tsinci wasu tarkacensa a gaɓar kudu maso yammacin Girinlan, watau a ɗaya gefen Tekun Aktik ɗungum. Wani masani ɗan ƙasar Norwe, Fridtjof Nansen, ya ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa ƙanƙarar tafiya take yi, tana ƙetare tekun daga wannan gefe zuwa wancan. Sai ya sa Colin Archer ya ƙera masa jirgi mai ƙwaryar ciki, ta yadda in ƙanƙara ta matse shi sai ya sulluɓe sama maimakon ya fashe. Sunan jirgin Fram. A watan Satumba na 1893 Nansen ya bari ƙanƙara ta kama jirgin da gangan, da mutum goma sha uku a ciki, bai kuɓuta ba sai a Agustan 1896 kusa da tsibiran Svalbard. A cikin waɗannan shekaru uku sun gano cewa Tekun Aktik zurfinsa ya haura mita 3,000, saɓanin abin da ake zato, sun kuma riƙa huda ƙanƙara suna zura ma'auni suna rubuta kaurinta. Awo ne na gaskiya wanda ba a yi masa gardama, sai dai awon rami ɗaya ne a teku mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 14.

Tarayyar Sobiyat ce ta mayar da wannan dabara aikin hukuma. A watan Mayu na 1937 jiragen sama suka sauke Ivan Papanin da abokansa uku bisa wani falalen ƙanƙara kusa da ƙuryar arewa ta duniya, suka zauna cikin tanti wata tara, falalen yana tafiya da su yana zaizayewa, har aka kwashe su a gabashin Girinlan a Fabrairun 1938. Daga 1954 zuwa 1991 kusan ba a yi shekara ba tare da irin wannan zango ɗaya ko biyu bisa ƙanƙara ba. A cikin ayyukan da aka ɗora wa mazauna zangon akwai wani wanda ba mai kallonsa da muhimmanci a lokacin: mutum ya ɗauki sanda mai awo, ya bi miƙaƙƙen layi na mita 500 ko 1,000, yana soka ta cikin dusa kowace mita goma yana rubuta zurfin. Mai karatu ya riƙe zancen wannan sanda, domin za a komo gare ta.

Rada da gishiri

Rada na'ura ce mai aiki da amsa-kuwwa. Tana harba igiyar rediyo, igiyar ta bugi abu ta komo, a lissafa lokacin da ta ɗauka a san nisan abin. An inganta ta a Yaƙin Duniya na Biyu don hango jiragen abokan gaba, an kuma sanya ƙaramarta a cikin jiragen sama don ta riƙa gaya wa matuƙi tazarar da ke tsakaninsa da ƙasa. Shigarta harkar ƙanƙara ta hanyar haɗari ne. Matuƙan da ke shawagi bisa Girinlan da Antaktika sun riƙa kuka cewa ma'aunin yana yi musu ƙarya, yana nuna suna can sama alhali ƙanƙara na dab da cikin jirgi, har wasu suka yi karo da ita. Wani injiniyan rediyo na sojan Amurka, Amory Waite, wanda ya taɓa zama a Antaktika tare da ayarin Richard Byrd, shi ya gane cewa na'urar ba ƙarya take yi ba. Igiyar ce ke ratsa ƙanƙarar tamkar babu ita, sai ta bugi dutsen da ke ƙarƙashi sa'an nan ta komo. A ƙarshen 1957 ya yi amfani da wannan ma'auni ya auna ƙanƙara mai kaurin ɗaruruwan mitoci. Daga nan Stan Evans da Gordon Robin na Cibiyar Scott da ke Jami'ar Kambirij suka ƙera rada ta musamman, kuma tsakanin 1967 da 1979, tare da haɗin gwiwar Amurka da Denmak, aka yi ta shawagi bisa Antaktika ana zana taswirar duwatsu da kwaruruka, har da tafkuna, waɗanda ke binne ƙarƙashin ƙanƙarar da a wani wurin kaurinta ya haura mita 4,700.

To, duk mai hankali zai ce na'urar da ta ratsa kilomita huɗu, mita biyu ba za su gagare ta ba. Sun kuwa gagare ta. Sa'ad da ruwan teku ke daskarewa yakan tofar da yawancin gishirinsa, amma saura kan maƙale a ciki a matsayin ɗigo-ɗigon ruwan gishiri mai kauri wanda ba ya daskarewa. Ruwan gishiri kuwa yana ɗaukar lantarki, abin da ke ɗaukar lantarki kuma yana shanye igiyar rediyo. Saboda haka igiyar kan shiga ta mutu a ciki, ko ta komo a raunane yadda ba a iya rarrabe ta da hayaniya. Duk dabarun da suka biyo baya, in an duba da kyau, hanyoyi ne na kewaye wannan gishiri.

Hanya ta farko ta ƙarƙashi aka bi. Ran 3 ga Agusta 1958 jirgin yaƙin Amurka mai tafiya ƙarƙashin teku, Nautilus, wanda ke aiki da makamashin nukiliya, ya ratsa ta ƙarƙashin ƙuryar arewa. Wani masani mai suna Waldo Lyon ya ɗora masa na'urar amsa-kuwwa mai aiki da sauti, ya juya fuskarta sama, don kada jirgin ya yi karo da gindin ƙanƙara. Da haka aka sami zanen ƙasan ɓawon na tsawon ɗaruruwan kilomitoci a tafiya guda. Jiragen Amurka da na Ingila sun ci gaba da tara irin wannan awo shekara da shekaru, amma da yake zamanin yaƙin cacar baka ne, kuma awon yana tona inda jirgi ya bi, sai aka kulle mafi yawansa a matsayin sirrin soja. Peter Wadhams, wanda Ingila ta bari ya shiga jiragenta, ya kwatanta awon 1976 da na 1987 ya ba da rahoto a 1990 cewa ƙanƙarar arewacin Girinlan ta rage kauri. Da aka saki bayanan Amurka cikin shekarun 1990, Drew Rothrock da abokan aikinsa na Jami'ar Washintan suka buga sakamako a 1999: ɓangaren ƙanƙarar da ke nutse cikin ruwa, wanda matsakaicinsa mita 3.1 ne tsakanin 1958 da 1976, ya koma mita 1.8, watau ragin kimanin kashi 40 cikin 100. Abin lura ga ma'aikacin gwamnati a nan shi ne, wannan labari yana kwance cikin akwatunan hukuma shekaru da dama, ba wanda aka yarda ya haɗa lissafin.

Hange daga sama

Shekarar 1978 ita ce mafarin sabon babi. A watan Yuni Amurka ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Seasat ɗauke da rada mai ɗaukar hoto, wadda dare ko gajimare ba sa hana ta gani, abin da ke da matuƙar amfani a wurin da rana kan yi watanni ba ta fito ba. Kwana ɗari da 'yan kai kawai ya yi wayar lantarkinsa ta haɗu ya mutu. A watan Oktoba kuma aka harba Nimbus-7, wanda ba ya harba kome, sai dai ya saurari ɗan tururin igiyar da ruwa da ƙanƙara ke fitarwa don kansu, ya bambanta su. Daga kansa ne aka fara lissafin faɗin ƙanƙara wanda bai yanke ba tun 1979. Lissafin ya nuna cewa a watan Satumba, lokacin da ƙanƙarar Aktik ta fi ƙanƙancewa, faɗinta a farkon shekarun 1980 yakan kai murabba'in kilomita miliyan 7, amma a Satumban 2012 ya faɗo zuwa kimanin miliyan 3.4. Abin da ya ɓace ya kusa ninka faɗin Nijeriya sau huɗu.

Sobiyat ma ba a bar ta a baya ba. A kakar 1983 ƙanƙara ta rutsa da jiragen ruwa kimanin 50 a mashigin da ke tsakanin tsibirin Wrangel da gaɓar Siberiya, ɗaya ya nutse, kuma garuruwan da ke jiran abinci da man fetur suna cikin haɗari. Hotunan rada na tauraron Kosmos-1500, wanda aka harba makonni kaɗan kafin nan, su suka nuna wa jiragen fasa ƙanƙara inda take da rauni.

Duk wannan faɗi ne da fasali. Hangen Dala kuwa ba shiga birni ba ne. Don a sami kauri daga sama sai da aka koma ga tsohuwar ƙa'idar Arkimidis. Ƙanƙara tana iyo ne da kimanin kashi tara cikin goma na jikinta a nutse, kashi ɗaya a sama. In an auna tsayin doron da ya fito bisa ruwa, sai a ninka shi wajen sau goma a sami kaurin duka. Rada daga sama tana iya auna tazararta zuwa saman ƙanƙara, ta kuma auna tazararta zuwa ruwan da ke cikin tsagogin ƙanƙarar, bambancin shi ne doron. Seymour Laxon na Jami'ar Landan ya nuna a 2003 cewa dabarar tana aiki, ta amfani da taurarin Turai na ERS. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta ƙera tauraro musamman don wannan, CryoSat, amma rokar da ta ɗauke shi ta faɗa teku a Oktoban 2005. Aka sake ƙera wani, CryoSat-2, aka harba ran 8 ga Afrilu 2010. Daga tazarar fiye da kilomita 700 ake so ya auna doron da sau da yawa bai wuce taƙi ɗaya ba. Laxon bai daɗe yana cin moriyar aikin ba, ya rasu a farkon 2013.

A nan ne dusa ta shigo ta dagula lissafi. Kuskuren santimita ɗaya a awon doro yakan zama kuskuren wajen santimita goma a kauri. Dusar da ke kwance bisa ƙanƙara kuwa kaya ce, tana danna ta cikin ruwa, don haka sai an san nauyinta kafin a yi lissafin. Ƙididdiga ta nuna cewa in aka kuskure zurfin dusa da santimita 10, kaurin da za a fitar zai kauce da kimanin santimita 30, a kan ƙanƙarar da dukanta ba ta wuce mita ɗaya da rabi ba. Sa'an nan igiyar rada tana rage gudu cikin dusa, wannan ma sai an gyara. Tauraron kuwa ba ya auna dusa. Da masana suka nemi alƙaluman da za su cike gurbin, ba su sami wasu masu yawa ba sai na mutanen nan masu sanda na zangunan Sobiyat, waɗanda Stephen Warren da abokan aikinsa suka tattara suka buga a 1999. Watau na'urar da aka kashe wa miliyoyin kuɗi ta dogara ne da abin da wani ya rubuta da fensir cikin duhu da sanyi shekara arba'in ko hamsin kafin a harba ta.

Da ma a ce tekun bai sauya ba, da da sauƙi. Su 'yan Sobiyat bisa tsohuwar ƙanƙara mai kauri suke kafa zango, don ita ce ke iya ɗaukar jirgin sama. A watan Maris na 1985 ƙanƙarar da ta haura shekara huɗu ita ce sulusin ƙanƙarar Aktik, a Maris na 2019 kuwa ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba. Sabuwar ƙanƙara tana makara wajen daskarewa, dusar farkon hunturu sai ta zuba cikin ruwa ta narke. Tsakanin 2009 da 2019 hukumar NASA ta riƙa aika manyan jiragen sama ɗauke da radar dusa wadda aka ƙera a Jami'ar Kansas, kuma daga awonsu Melinda Webster ta nuna a 2014 cewa a yammacin Aktik zurfin dusar bazara ya sauka daga kimanin santimita 35 na zamanin Sobiyat zuwa 22. Su kansu zangunan sun gagara: a 2013 sai da Rasha ta aika jirgin fasa ƙanƙara ya kwashe mutanen zango na 40 kafin wa'adi, domin falalen ya tsattsage a ƙarƙashinsu. Wata wahalar kuma, dusar da ke kan sabuwar ƙanƙara tana tsotso ruwan gishiri daga ƙasa kamar yadda lagwani ke jan kananzir, sai igiyar tauraron ta komo daga tsakiyar dusar, ba daga fuskar ƙanƙara ba kamar yadda lissafi ya ɗauka. A Antaktika abin ya fi muni, domin dusar kan yi nauyin da za ta nutsar da ƙanƙarar, ruwan teku ya malalo tsakaninsu ya zama caɓi.

Komowa kusa

Tsakanin mai sanda da tauraro akwai wawakeken giɓi. Mai sanda yana auna wuri kamar tafin hannu, kuma ba ya iya taka ƙanƙarar da ba ta yi ƙwari ba, alhali ita aka fi bukatar sani. Tauraron CryoSat-2 kuwa kowane awonsa matsakaici ne na fili mai tsawon wajen mita 300 da faɗin fiye da kilomita ɗaya da rabi. Babban jirgin sama yana da tsada, zuwansa na 'yan makonni ne a shekara, kuma saukar da shi ƙasa-ƙasa cikin hazo sayar da rai ne. Wannan giɓi ne ƙaramin jirgi marar matuƙi ya zo cikewa.

Shigarsa ba ta zo da sauƙi ba. A Agustan 1998 wani ɗan jirgi mai suna Aerosonde, nauyinsa kimanin kilo 13, ya ƙetare Tekun Atlantika daga Kanada zuwa Sukotlan cikin abin da bai kai awa 27 ba. Daga 1999 aka fara gwada irinsa a Barrow, can arewacin Alaska, garin da tun 2016 ya koma sunansa na asali, Utqiagvik. Matsalar da aka fara cin karo da ita ita ce raɓar da ke daskarewa a fikafikai da maƙogwaron inji. A Yulin 2009 NASA ta tashi wani mai suna SIERRA, mai faɗin fikafikai wajen mita shida, daga Ny-Alesund a Svalbard, ɗauke da ƙaramar rada mai ɗaukar hoto wadda aka ƙera tare da Jami'ar Brigham Young, ya yi shawagi bisa ƙanƙarar mashigin Fram. Jirgin nan ya faɗa Tekun Beaufort a Yulin 2013, an yi asarar na'urori, amma ba a yi zaman makoki a gidan kowa ba, wannan kuwa shi ne babbar hujjar masu wannan dabara. A Disamban wannan shekara masanan Kansas suka auna ƙanƙarar tudu a Antaktika da radar da nauyinta bai wuce kilo biyu ba, bisa jirgi marar matuƙi.

Abin da ya rage shi ne dusa, kuma wahalarta ta lokaci ce. Igiyar rediyo tana cin santimita 30 cikin kashi ɗaya daga biliyan na sakan. Amsar da ke komowa daga saman dusa da wadda ke komowa daga fuskar ƙanƙara, in zurfin dusar santimita 10 ne, ratar da ke tsakaninsu ba ta kai ko wannan ɗan lokaci ba. Radar da ke yin ihu ta tsaya sauraro da wuya ta raba su. Dabarar da aka fi bi ita ce ta fito: na'urar tana busa igiya ba tsayawa, muryar tana hawa daga ƙasa zuwa sama, sa'an nan a kwatanta muryar da ke fita yanzu da wadda ke komowa. Gwargwadon bambancinsu, gwargwadon nisan abin. Kuma iyakar faɗin tazarar da muryar ke hawa, iyakar ƙanƙantar abin da za a iya rarrabewa. In tazarar ta kai kaɗawa biliyan biyar a sakan, ana iya raba abubuwa biyu da ke da santimita uku tsakaninsu a sarari. Asalin dabarar tsohuwa ce, da ita ma'aunin tsayin jiragen sama ya fara aiki a ƙarshen shekarun 1930. Abin da ya sauya shi ne kayan haɗin. Cinikin wayar hannu da na motoci masu hango abin da ke gabansu ya sa kayan rada sun ƙanƙance sun yi araha, har abin da dā sai an cire kujerun jirgi kafin a girka shi ya koma ana rungumarsa da hannu ɗaya.

A garin Tromso na Norwe, Rolf Ole Jenssen da abokan aikinsa sun rataya radar dusa mai nauyin kimanin kilo huɗu a ƙarƙashin jirgi mai farfela takwas, suka buga sakamakonsu a 2020. Ba masu binciken teku kaɗai ke bukatarta ba, har da masu madatsun wutar lantarki da ke son sanin yawan ruwan da ke kwance bisa duwatsu, da masu neman mutumin da dusa ta binne. A ɗaya ƙuryar duniya kuma, Adrian Tan da Wolfgang Rack da abokan aikinsu na ƙasar Nuzilan sun gwada tasu bisa ƙanƙarar teku a Antaktika. Rahotonsu na 2021 ya nuna cewa jirgin, yana tafiya tsakanin mita 5 da 15 daga ƙasa, ya auna dusa mai zurfin santimita 10 zuwa sama, da kuskuren da bai wuce kimanin santimita uku ba.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da iyakar wannan abu, domin 'yan jarida sukan zuzuta shi fiye da kima. Radar ba ta warware matsalar gishiri ba. Dusa take aunawa, ba kaurin ƙanƙara ba, kuma in dusar ta jiƙe ko ta sha gishiri ita ma sai ta makance. Batir ba ya shiri da sanyi, tafiyar da za a yi ta rabin awa takan ragu ƙwarai in ana digiri 30 ƙasa da sifiri. Kamfas yakan ruɗe kusa da ƙuryar duniya, domin ƙarfin maganaɗisun ƙasa a can ƙasa yake nunawa, ba gefe ba. Filin da jirgi ya tashi daga kansa kuma tafiya yake yi, in aka ce masa ya koma inda ya taso sai ya tarar da wurin ya gusa. Jirgin da ke cin mita uku a sakan ba zai taɓa auna teku ba. Amfaninsa shi ne ya auna 'yan kilomitoci da kyau a daidai layin da tauraro ya bi, don a gane inda tauraron ke kuskure, a gyara lissafin sauran tekun da shi.

Akwai waɗanda wannan lissafi ba na takarda ba ne a wurinsu. Ga mutanen Inuwit na arewacin Kanada ƙanƙarar teku ita ce hanya, ita ce kuma gona. A hunturun 2010, wanda ya zo da ɗumi da ruwan sama, binciken da aka yi a garin Nain na Labrador ya nuna cewa mutum ɗaya cikin kowane goma sha biyu da aka tambaya ya rufta cikin ruwa, a hanyoyin da iyaye da kakanni suka sani. Dusa tana da hannu a irin wannan, domin bargo ce: inda ta yi kauri sanyi ba ya ratsawa, ƙanƙarar da ke ƙarƙashi sai ta ƙi girma, alhali a ido ba ta da bambanci da mai ƙwari. Daga wannan masifa shirin SmartICE ya samo asali, inda mutanen gari ke jan na'urar awo a bayan keken ƙanƙara suna sanar da jama'a inda ke da haɗari. A kudu kuma, a ƙarshen 2022, ƙanƙarar Tekun Bellingshausen ta watse kafin 'ya'yan manyan tsuntsayen fengwin su yi gashin da ruwa ba ya ratsawa, mazauni huɗu cikin biyar ba su tsira da ɗa ko ɗaya ba. A Fabrairun 2023 faɗin ƙanƙarar Antaktika ya sauka zuwa murabba'in kilomita miliyan 1.79, mafi ƙanƙanta da aka gani tun 1979.

A watan Satumba na 2019 jirgin binciken Jamus, Polarstern, ya tashi daga Tromso don ya maimaita tafiyar Nansen, a ƙarƙashin jagorancin Markus Rex, da masana daga ƙasashe 20. Sun sha wuya kafin su sami falalen da ke da kaurin da zai ɗauki kayansu. Sun ɗaure jirgi a jikinsa a farkon Oktoba, falalen ya kwashe su ya ƙetare tekun cikin wata goma, ya farfashe a mashigin Fram a ƙarshen Yulin 2020. Ko da yake sun faro ne daga arewa da inda Fram ya faro, saurin ya ba su mamaki. Sun je da rada mai murya biyu wadda ake ja bisa ƙanƙara don a gane daga ina amsar kowace murya ke komowa cikin dusa, sun kuma je da ƙananan jirage marasa matuƙa na Jami'ar Kolorado masu auna iska da hasken da ƙanƙara ke mayarwa. A shekarar 2020 ɗin ne aka ɗan karkata hanyar CryoSat-2 don ta riƙa dacewa da ta ICESat-2, tauraron Amurka na 2018 mai aiki da hasken leza. Shi hasken daga saman dusa yake komowa, igiyar rada kuwa daga ƙarƙashi, bambancinsu sai ya ba da zurfin dusar. A shekarar ce kuma Turai ta ba da kwangilar ƙera wani sabon tauraro, CRISTAL, wanda zai ɗauki muryoyin biyu a jiki ɗaya.

Duk da tarin waɗannan na'urori, a cikin jadawalin aikin Polarstern akwai wani aiki da ake fita yi kusan kowane mako, har cikin watannin da rana ba ta fitowa. Mutum biyu ko uku za su bi wani layi da aka kafa wa tutoci, wani na jan na'urar auna kauri, wani na riƙe da bindiga saboda namun dajin wurin, wani kuma na riƙe da sanda. Sandar ta zamani ce, wadda Matthew Sturm da Jon Holmgren suka ƙera a Alaska, tana da faifai mai zamewa a jikinta, tana kuma rubuta zurfi da wurin da kanta in an danna maɓalli. Amma sai an soka ta cikin dusa da hannu, taku bayan taku, kuma da alƙalumanta ake gwada na rada a ga ko sun yi daidai.